Akwatin Inna a Ƙasan Lodi

Ku tambayi duk wanda ya taɓa tsayuwa a tashar Tanut, zai gaya muku: daga Falanko har Belbeji ba a haifi ɗan lodi kamata ba, kuma har yau ban ga mai cikinsa ba. Ni ne na ɗora raƙuma biyu da injin niƙa da mutanen ƙauye guda a mota ɗaya, har aka samu fili a sama inda mai shayi ya hura wuta. In na ja igiya na ɗaure, ka taɓa ta da yatsa sai ta yi maka kukan gurmi. Direbobi kan ce in Ila ne ya ɗaure, ko motar ta kife ta tashi, kaya ba su san an yi ba. Su suka sa mini Sarkin Lodi, ban roƙa ba, ko da yake ban hana ba. Wannan duk kun sha ji har kun iya bakina, har in na faro kuna ƙifta wa juna ido. Abin da ba ku taɓa ji ba shi ne dalilin da ya sa ranar nan, da 'yar'uwarku Rabi ta dawo daga lakwal ta aza jakar littattafanta a kan shuɗin akwatin ƙarfen da ke ɗakina, na daka mata tsawar da ta sa ta ƙi cin tuwo. Ni da ban taɓa ɗaga wa ɗayanku murya ba. Uwarku ta ce in ba zan iya faɗa da baki ba, in rubuta. To ga shi. Na sha ce muku kakarku ta rasu a Aljeriya. Ba ta kai Aljeriya ba.

Shekarar da abin ya faru, damina biyu ke nan a jere ƙauyenmu, can wajen Gangara, ba mu cika ko rabin rumbu ba. Baba ya riga ya rasu. A gida akwai Inna, da Zara matar Yaya Habu, da 'ya'yansu. Shi Yaya ya daɗe a Tamanrasat, can Aljeriya, yana aikin gini, yana aiko da abin da ya samu. Ni kuwa ina Tanut, ban yi aure ba, ina ta cika wa mutane kunne a tasha. Da bazara ta tsaya sai ga Yaya ya sauka ba sanarwa, ya aika aka kira ni. Ya zagaya gidan, ya leƙa rumbu, ya dubi wuyan 'ya'yansa, da muka idar da la'asar ya tara mu.

"Kowa ya ɗaure kayansa," in ji shi. "Na gaji da zama can ina tunanin wa ya ci wa bai ci ba. Na kama gida. Duka za mu tafi."

"Ku dai ku tafi," in ji Inna. "Ni a kai ni ina da tsufana? Ga ubanku nan kwance bayan gari. Ga Ila kuma, ai yana nan."

Yaya ya juyo ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Ila? Ila da ke kwana a kan buhunan mutane?"

Na so in ce buhunan ma ba kowane iri nake hawa ba, sai masu laushi. Na ga ba fuskar wasa, na haɗiye. Gaskiya ya faɗa. Ba ni da ɗakin da zan ajiye uwa. Inna ta yi kwana uku tana cewa a'a, a na huɗu ta daina magana, mu kuma muka ɗauki shirun a matsayin ta yarda.

Wanda bai taɓa kwashe gida ba bai san yawan abin da talaka ya mallaka ba. Gidan da kake ganin ba komai, da muka fito da kaya tsakar gida sai da aka rasa wurin taka ƙafa. Gadon ƙarfe, katifu, tabarmi, keken ɗinkin Zara, kwanukan jerenta, tukwane, ƙore, faifai, ludaya, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawar da za ta iya tayar da matacce. Yaya yana cewa a rage, Zara tana ƙarawa. Ya ɗauke turmi ya kai bakin zaure, ya juya baya, turmi ya dawo da ƙafarsa.

"Zara, can fa akwai injin niƙa a kowane lungu, har da murhun gas."

"Gas ɗin ne zai daka mini yaji? Turmin nan da shi aka kawo ni, da shi zan fita."

"Mota ce fa, ba jirgin ruwa ba."

"Ai ga Sarkin Lodi nan. Ko sarautar ta baki ce?"

Nan fa ta taɓo ni. Na tuɓe riga na shiga aiki. Na kwance gado na ɗaure ƙarafunansa wuri ɗaya. Na naɗe kowane kofin gilashi da tsumma na cusa su cikin turmi, na toshe bakin da matashin kai. Kwanuka na jera ƙarami cikin babba, na sa zane a tsakani don kada su goge juna. Kan keken ɗinki na naɗe shi da bargo kamar jariri. Ina yi ina surutu, yara suna dariya, har Zara takan murmusa. Amma dariyar ba ta wuce tsakar gida. Maƙwabta suna shigowa ban kwana, baki yana cewa Allah ya kiyaye hanya, ido yana kan randa. Ban ga laifinsu ba, su ma yunwar ce. Aka ba wannan randa, aka ba wancan akurki. Awaki biyun da suka rage aka kora su kasuwa. Ranar ƙarshe wani ɗan'uwan Baba ya zo da guduma ya cire ƙyauren ɗakin Inna, don an ce masa ya ɗauka. Tana zaune a tabarma tana kallo. Ɗakin da ta yi shekara arba'in a ciki ya tsaya da baki buɗe.

Ita kayanta ba su da yawa: ƙullin tufafi, buta, da akwatin ƙarfe shuɗi, wannan da ke ɗakina. Kowa a gidan ya san abin da ke ciki. Da Baba ya je Makka ya sayo farin yadi na mutum biyu, ya wanke shi da ruwan zamzam, ya shanya shi can, ya kawo. Rabin yadin shi ne likkafaninsa, yana jikinsa a maƙabartar ƙauye. Rabin kuma na Inna ne. Duk shekara bayan girbi takan rufe ɗaki ta fito da shi ta sha masa iska, ta sake turare, ta mayar. Ba mai taɓawa. Makullin yana wuyanta a igiyar fata. A ƙarƙashin likkafanin kuma akwai ɗan dutsen niƙan da ta gada wurin uwarta da wasu tasoshin tagulla, shi ya sa akwatin ke da nauyin jaki. Da amalanke suka zo kwasar kaya zuwa Tanut, ta kira ni da hannu.

"Ila, zo nan. Akwatin nan, ka sa shi inda hannu zai kai."

"Haba Inna! Ke da za ki binne mu duka, ki dawo ki auri saurayi?"

Kullum in na yi mata irin wannan takan ɗaga sanda ta ce ja'iri. Ran nan ba ta ɗaga ba.

"An ce hanyar da tsawo. Ka ji abin da na ce?"

"Na ji, Inna. A sama zai zauna, kamar sarki."

Motar babba ce, mai ƙafa goma, ta wani direba Malam Isa, kuma ba mu kaɗai ba ne. Akwai kayan wasu gidaje biyu, da buhunan albasa, da mutum wajen arba'in da za su zauna a kai. Lodin hanyar hamada yana da doka, kuma ni ne mai koya wa mutane ita. Mai nauyi da mai kusurwa a ƙasa. Mai fashewa a tsakiya. Mai laushi a sama, inda mutane za su zauna. Sai a ja tanti, a zagaye da igiya, a rataya bidon ruwa, wato jarkoki, a gefe da gefe. In an ɗaure an ɗaure ke nan, ba a kwancewa sai inda za a sauka. Na fara shimfiɗa ƙasa, sai wani gurbi ya rage a kusurwar gaba, bayan kan mota. Na gwada buhu, ya lotsa. Na gwada turmi, ya yi rawa. In gurbin nan bai cika da abu mai ƙarfi ba, duk lodin zai karkata hagu, kuma kowa a tasha zai gani. Na waiga, ga akwatin Inna a ƙasa yana jira. Na auna da taƙi. Kamar don gurbin aka ƙera shi.

Ba mantuwa na yi ba, ina so ku san wannan. Na tuna sarai. Na ce a raina kwana biyar ne kawai, kuma tsohuwar da ke tafiya rijiya da ƙafarta me zai same ta a kwana biyar? Na tura akwatin ya zauna daram, har na ji daɗi. Muka yi yini biyu, mu shida, muna ɗora duniya a kansa. Zara tana da nata akwatin, shi ma shuɗi, amma mara nauyi, tufafi ne a ciki. Shi na ɗaure can sama a gefe inda za a gan shi. Idon Inna ya riga ya yi hazo. Da aka kawo ta za ta shiga gaba, inda Yaya ya samar musu wuri ita da Zara, ta tsaya ta ɗaga kai.

"Ina akwatina?"

"Ga shi can, Inna. Kin ga shuɗin can?"

Ta kare ido da hannu ta daɗe tana dubawa.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce.

Na bi su, don wanda ya ɗaure shi ya san yadda za a kwance, kuma ina so in ga Aljeriyar nan da ake faɗa. Muka bar Tanut da hantsi. Duk inda aka tsaya sai ta tambaya, a Agadas ta tambaya, a Arlit ta tambaya, ni kuma amsata ɗaya: yana sama yana shan iska. Lodi kuwa ko motsi. Direbobin da muka haɗu da su suna zagaya motar suna taɓa igiya suna tambayar wa ya yi wannan aiki, ni kuma ina gyara hula. Bayan Arlit kwalta ta ƙare, sai rairayi, ba itace ba tsuntsu. Motoci uku muka haɗu muke tafiya tare, don a wurin nan mota ɗaya ba ta tafiya ita kaɗai. Zafin da aka yi ban taɓa ganin irinsa ba, ni da na ce muku na taɓa soya ƙwai a kan ƙarfen mota. Wannan karon ba ƙari a ciki. Inna ta daina cin abinci tun Agadas, sai ruwa, shi ma kurɓi. Mota ta yi ta nutsewa muna sauka muna tonowa. A rana ta huɗu, kafin azahar, na ji Malam Isa ya danna oda sau uku ya tsaya. Daga sama na jiyo muryar Zara tana salati.

Inna ce ta jingina kai a kafaɗar Zara, Zara tana tsammanin barci ne, ashe ta cika. Ba ta yi ko shure-shure ba.

Muka sauko da ita muka shimfiɗe ta a inuwar mota. Yaya ya rufe mata ido, ya zare igiyar makullin daga wuyanta. Bai yi kuka ba.

"Ila, sauko da akwatin Inna."

Na tsaya inda nake. Ya ɗauka baƙin ciki ne, ya dafa ni, ya hau da kansa. Ina kallo ya kwance shuɗin akwatin ya miƙo aka karɓa. Ya durƙusa ya sa makulli. Ya ƙi shiga. Ya juya shi ya sake sawa. Ya hura ramin kwaɗon, ko rairayi ne. Zara ta matso tana share ido, ta dubi akwatin.

"Wannan ai nawa ne."

Mutum arba'in suka juyo suna kallona. Yaya ya ɗago.

"Ina nata?"

Na nuna da hannu. Ba sama na nuna ba. Na nuna kusurwar gaba, can ƙasa, ƙarƙashin gado da turmi da kayan gida uku da albasar da ta fi ƙarfin ƙirga. Ya bi hannuna da ido, ya daɗe, sannan ya juya wajen direba.

"Malam Isa, a kwance."

Malam Isa dattijo ne, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Habu, uwarka uwata ce. Amma ka tambayi ƙanenka yini nawa aka yi ana ɗaura wannan. Kwancewa yini, mayarwa yini biyu, a rairayi, cikin wannan rana. Waɗancan motocin ba za su jira ba. Ruwan da ke gare mu na gobe ne da ƙyar. Ga yara. In ka ce a kwance, ni ba zan hana ka ba, amma ka san ba kabari ɗaya za mu haƙa ba."

Na ce zan iya. Na ce zan shiga ta gefe in zaro shi, ni ne fa Ila. Na kama ƙullin farko. Ƙullin da nake alfahari da shi, wanda nauyi ke ƙara masa ƙarfi, kwana huɗu yana shan jijjiga, ya zama kamar ƙarfe. Na ja da yatsa har farce ya ɓalle. Na sa haƙori. Na karɓi wuƙa a hannun wani na ɗora a kan uwar igiya, wadda in ta tsinke duk lodin zai zube, kuma ba mu da wata. Sai na ji an riƙe mini hannu. Yaya ne. Ya zare wuƙar ya mayar wa mai ita. Bai zage ni ba, bai mare ni ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

"A nemo farin ƙyalle," ya ce wa mutane. "Duk wanda ke da shi."

Wani Buzu da ba mu ko san sunansa ba ya buɗe jakarsa ya fito da sabon farin rawani, bai taɓa naɗa shi ba, ya miƙa. Zara ta buɗe akwatin nata ta ciro farin zanen gado mai ɗan fure a gefe, ta yage furen da haƙori. Yaya ya tuɓe farar rigarsa ta Juma'a aka farke ɗinkin. Kowa ya tsiyayo kofi ɗaya daga bidonsa, mata suka kare da tabarma suka yi mata wanka da ruwan da bai cika bokiti ba. Muka haƙa da shebur ɗin da ake tono mota, rairayi yana komawa muna fitarwa. Malam Isa ya ja salla. Matar da ta yi shekara da shekaru tana turara likkafaninta, aka sa ta a rami cikin rawanin baƙo da zanen gado da rigar ɗanta, alhali nata yana nan taku goma daga kabarin, a cikin motar da ke ba mu inuwa. Muka nemi duwatsu ba mu samu ba, sai tsohuwar taya muka kafa. Kafin la'asar mun tashi. Na hau sama na zauna, kuma na san a kan me nake zaune.

Yau ko an ba ni jirgin sama ba zan iya nuna muku wurin ba. Yaya ya bi hanyar sau da yawa bayan haka, bai ƙara ganin tayar ba.

Da na gama kwanakina a can zan komo, shi ya ɗauko akwatin ya aza mini a gaba, ya ba ni makullin, ya ce in tafi da shi, ba ya son ganinsa. Har ya rasu muna gaisawa, yana aiko muku da dabino, amma bai ƙara kirana Sarkin Lodi ba, kuma in na fara ba da labari a gabansa yakan tashi ya ce zai yi alwala. Likkafanin yana ciki har yanzu. Duk shekara bayan girbi nakan sha masa iska. Ban san ko na cancanci a sa ni a ciki ba, wannan ku da malamai za ku yanke in ranar ta zo. Abin da na roƙe ku kawai, kada a aza komai a kan akwatin nan. Ko allura.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ranar da muka isa Tamanrasat, ni na kwance lodin, yini guda cur. Aka shigar da kaya sabon gidan, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Akwatin Inna ne ya fito ƙarshe, ko kwarzane babu. Zara ta zauna a ƙasa tana warware kaya ɗaya bayan ɗaya. Ta zare matashin daga bakin turmi, ta fito da kofunan gilashi ta jera. Ta buɗe kwanuka, ta kwance bargon keken ɗinki. Ina tsaye a bakin ƙofa, kwana biyu ban yi magana da kowa ba. Kun san bakin ubanku, ba ya shawara da shi. Ban san lokacin da na ji shi yana cewa ba:

"Kin gani ko, ko kofi ɗaya bai fashe ba."

Ba ta ɗago ba. Ta karɓi makullin a hannun Yaya, ta jawo akwatin ta buɗe. Ƙanshin turaren Inna ya cika ɗakin. Ga likkafanin nan a ninke, fari fat. Ta shafa shi da bayan hannu, ta mayar da murfin a hankali.

"Ai ka iya lodi, Ila," ta ce. "Likkafani ya iso lafiya. Mai shi ce kawai ba ta iso ba."